Turanci a Bakin Ɗan Bahaushe: Sharhi a kan Littattafai da Hanyoyin Koyarwa daga Zamanin Elemantare zuwa Yau

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Duk shekara idan sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, kukan da ake ji a gidajenmu iri ɗaya ne: yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya ci addini, amma Turanci ya kayar da shi. Da yake jami'o'inmu ba sa ɗaukar ɗalibi sai yana da kiredit a Turanci, sai ka ga yaro mai ƙwazo ya zauna gida shekara biyu ko uku yana maimaita takarda ɗaya. Idan kuwa yarinya ce, sau da yawa daga nan karatun ya ƙare. Iyaye su ɗora laifi a kan malamai, malamai su ɗora a kan yara, wasu kuma su ce ai Hausa ce ta yi wa yaran katutu a baka.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba wannan zargi na ƙarshe, ta hanyar bin littattafai da hanyoyin da aka bi aka koyar da Turanci a ƙasar Hausa cikin shekara ɗari da 'yan kai. Ra'ayina, wanda zan kawo hujjojinsa, shi ne Hausa ba ita ce ta hana 'ya'yanmu jin Turanci ba. Lokacin da aka fi iya Turanci a ƙasar nan shi ne lokacin da aka gina shi a kan Hausa, kuma rauni ya shigo ne sa'ad da littafi da malami suka yi kamar yaron ya zo aji ba shi da wani harshe.

Zamanin Elemantare da Midil

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa ta Kano, kuma da Hausa aka riƙa koyarwa a cikinta. A kan wannan turba tsarin En'e ya tafi: yaro ya yi shekara huɗu a elemantare yana karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa cikin Hausa, sa'an nan wanda aka zaɓa ya wuce midil, inda Turanci yake karɓar ragamar koyarwa. Daga midil kuma a tsamo 'yan ƙalilan zuwa Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Abin lura shi ne irin mutanen da wannan tsari ya fitar. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda zaƙin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne marubucin Shaihu Umar. Alhaji Abubakar Imam yana malamin Turanci a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kafin ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun yi jayayya da Turawa cikin Turanci a rubuce da baki, kuma sun bar mana waƙa da wasan kwaikwayo cikin Hausa. Wato waɗanda suka fi kowa iya Turanci a zamaninsu su ne gwanayen alƙalamin Hausa. Da a ce Hausa tana kashe Turanci, da a bakin waɗannan mutane za a fara ganin gawar.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Wancan tsari na tsirarun mutane ne. An tace ɗalibai an sake tacewa, makarantun na kwana ne, aji bai cika ba, malaman Turanci a kwaleji kuma masu harshen ne da kansu. Haka kuma Turawan mulki suna da tasu manufa ta siyasa wajen taƙaita Turanci a Arewa, abin da ya sa lokacin da 'yancin kai ya gabato aka rasa isassun 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshi. Saboda haka ba cewa nake a koma wancan zamani ba. Abin da nake cewa shi ne jerin da suka bi, na fara karatu da harshen gida sa'an nan a ɗora baƙon harshe, ya nuna amfaninsa a fili.

Littattafan Wancan Zamani

Yaron elemantare ya fara ne da Ka Koyi Karatu, ya bi da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Da yake rubutun boko na Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, cikin watanni kaɗan yaro ya gane sirrin karatu, wato baƙi da wasali su haɗu su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, kalma kuma tana da ma'ana. Sau ɗaya ake koyon wannan sirri a rayuwa. Wanda ya same shi da Hausa, idan ya zo Turanci abin da ya rage masa shi ne sabon harshe kawai.

A ɓangaren Turanci, littattafan da suka yi tashe su ne jerin New Method na Michael West da kuma jerin Oxford, wanda Lawrence Faucett ya assasa a shekarun 1930, daga baya F. G. French ya fito da sabon jeri. Babbar hikimar waɗannan littattafai ita ce ƙididdige kalmomi. West, wanda ya yi aikin ilimi a Bengal ta ƙasar Indiya, ya lura cewa idan sababbin kalmomi suka yi yawa a shafi ɗaya yaro ya daina karatu ya koma fassarar dole. Don haka sai a shigo da kalma ɗaya, a maimaita ta sau da yawa cikin labari, kafin a kawo wata. Ƙamusunsa na 1935, wanda ɗalibai suke kira da sunansa kawai, ya bayyana dubban kalmomi ta amfani da kalmomi 1,490 kacal. Aibin waɗannan littattafai shi ne rayuwar da ke cikinsu sau da yawa ba tamu ba ce, kuma an rubuta su ne don ƙasashe da yawa, ba don mai jin Hausa ba.

Wannan giɓi shi ne aka yi ƙoƙarin cikewa a Zariya. A shekarun 1950, zamanin hukumar NORLA, aka fito da Hanyar Taɗi da Turanci, wanda yake kawo kalmar Turanci cikin jimla, ya kuma ba da ma'anarta da Hausa. A 1965 kuma Neil Skinner ya fito da Ƙamus na Turanci da Hausa. A ganina, a duk littattafan da aka yi mana, irin waɗannan ne suka fi girmama mai koyo, domin sun ɗauke shi a matsayin mutum mai hankali wanda ya riga ya san duniya da harshensa, abin da yake nema kawai shi ne yadda ake faɗin abin da Turanci. Akawuna da malaman asibiti da 'yan kasuwa da dama da waɗannan suka koya wa kansu. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na karanta tsofaffin fayiloli masu yawa, kuma na sha mamakin rubutun akawunan da iyakarsu midil huɗu: gajerun jimloli, ba kwalliya, ba kuskure.

Zamanin Shiga Turanci Kai Tsaye

Wajen farkon shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta rungumi hanyar fara Turanci tun daga aji ɗaya, wadda aka san ta da sunan littafinta, Straight for English. Dalilan da suka sa aka yi haka ba na banza ba ne. Ana gaggawar cim ma Kudu, ana neman ma'aikata 'yan Arewa, ga shi kuma a lardunan Ilori da Kabba da Binuwai da Filato akwai harsuna da dama waɗanda ba Hausa ba. Littafin kansa ba shi da laifi sosai. An tsara shi ne a kan malami ya faɗi jimla, ya nuna ta a aikace, yara su maimaita, su ma su aikata.

Ni a wannan zamani na yi firamare, kuma gani ya kori ji. Malami ya miƙe ya nufi ƙofa yana faɗin abin da yake yi da Turanci, mu ɗauka baki ɗaya kamar masu hadda. Wata rana wani baƙo ya zo duba makarantarmu, ya nuna taga ya tambaye mu sunanta, ajin gaba ɗaya muka rera masa jimlar zuwa ƙofa, domin ita muka haddace. Muna da murya, ba mu da ma'ana. Ga kuma wata al'ada da ta zo tare da wannan hanya, ta hukunta duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta, ko da tara ko da bulala ko da rataya masa wani abu a wuya. Abin da wannan ya koya mana shi ne yin shiru. Yaron da yake tsoron buɗe baki kuwa ba zai koyi kowane harshe ba.

Kuskuren hanyar shi ne ta ɗora wa yaro ɗan shekara shida kaya biyu a lokaci ɗaya, koyon karatu da koyon baƙon harshe, kuma harshen da rubutunsa bai bin lafazinsa. Sa'an nan ta dogara ga malamin da ya iya Turanci sosai, alhali irin wannan malami shi ne ya fi ƙaranci. Da aka buɗe shirin UPE a 1976, yara suka yi ambaliya zuwa makarantu, aka horar da malamai cikin gaggawa, sai abin da ya rage na hanyar ya zama amshin baki kawai.

A daidai wannan lokaci, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka yi gwajin koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi, a hannun malamin da aka horar musamman don shi. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su fahimtar sauran darussa. Masu kawo wannan gwaji hujja sukan manta da rabinsa na biyu, wato ƙwararren malamin Turanci. Harshen gida shi kaɗai ba ya koya wa kowa Turanci.

Abin da Littattafan Yau Suka Manta

Na duba jerin littattafan Turanci da dama da ake amfani da su a firamare da ƙaramar sakandare. Sun fi na da launi da hotuna, kuma sunaye da labaran da ke ciki na Nijeriya ne, wannan ci gaba ne. Amma littafi ɗaya ake sayar wa ɗan Legas da ɗan Inugu da ɗan Gumel, alhali wurin da kowannensu yake tuntuɓe daban ne. Kuskuren ɗan Bahaushe a Turanci ba na ganganci ba ne, yana da ƙa'ida, kuma ana iya sanin sa tun kafin ya auku. Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, lafazi. Hausa ba ta bambanta "p" da "f". Namu baƙin da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa wani ya ce fuɗu wani ya ce huɗu. Don haka "pan" da "fan" abu ɗaya ne a kunnen yaro. Maganin ba tsawa ba ne. A nuna masa cewa a "f" ta Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, a "p" kuwa leɓɓa su rufe sa'an nan su fashe, har takardar da aka riƙe gaban baki ta motsa. Haka "v" take komawa "b", "th" kuma ta koma "s" ko "z", sai "think" ta zama "sink". Bugu da ƙari, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka tsarma wasali muka ce burodi da direba da birki da fulawa. Malami mai dabara zai fara da waɗannan kalmomin aro da yaro ya riga ya sani, ya nuna masa wasalin da za a cire. A nan kuma Hausa tana da gudummawa: yaron da ya san bambancin gari na mutane da garin tuwo ya riga ya san dogon wasali da gajere, don haka bambancin "ship" da "sheep" ba zai ba shi wuya ba idan an jawo hankalinsa.

Na biyu, nahawu. A Hausa kowane suna ko namiji ne ko mace, mota ta lalace, gida ya rushe, don haka yaro zai kira mota "she". A Hausa dole ne wakilin suna ya biyo bayan suna, mu ce Audu ya tafi, sai yaro ya rubuta "Audu he went". A Hausa lokaci yana kan wakilin suna ne, ya tafi, zai tafi, a Turanci kuwa aikatau ne yake sauya kama, wani lokaci ma ba bisa ƙa'ida ba.

Na uku, ma'ana. Kalmar "ji" ɗaya tak ta ɗauke abin da Turanci ya raba wa kalmomi kusan biyar: jin magana, jin zafi, jin wari, jin ɗanɗano, jin harshe. Haka "sha": muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha iska, mu sha wuya. Wanda zai fita ya dawo yakan ce ina zuwa, idan ya juya wannan zuwa Turanci sai Bature ya tsaya jiran isowarsa alhali yana ganin ƙeyarsa.

Duk waɗannan minti biyar na bayani da Hausa ya isa ya warware kowannensu. Amma littafin bai ambace su ba, jagoran malami bai ambace su ba, malamin kuma an gaya masa yin Hausa a darasin Turanci abin kunya ne. A maimakon haka sai a sa yaro ya haddace ma'anar suna da aikatau daga littattafai irin su Brighter Grammar. Littafi ne mai kyau ga wanda ya riga ya fara jin harshen, amma haddace ma'anar aikatau ba ta sa a iya amfani da shi.

Jarrabawa da Malami

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jarrabawa ita ce take jan akalar aji, kuma jarrabawar lafazin Turanci ta WAEC da NECO a takarda ake yin ta. Ɗalibi ya zaɓi amsa cikin waɗanda aka jera masa, ba wanda ya ji muryarsa, shi ma bai ji ta kowa ba. Sakamakon haka malamai suka koma koyar da alamomin sauti a allo da tambayoyin shekarun baya. Ana iya cin wannan takarda ba tare da an iya gaida baƙo da Turanci ba.

Game da malami kuwa, tun da aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, an sami ƙarin takarda, amma an yi asarar doguwar tarbiyyar koyar da ƙananan yara da waɗancan kwalejoji suke bayarwa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin gwajin da ta yi musu. An yi jayayya a kan yadda aka yi gwajin, amma ba wanda ya musa cewa akwai matsala. Ban kawo wannan don muzanta malamai ba. Su ma 'ya'yan wannan tsari ne, kuma mutum ba ya ba da abin da ba a ba shi ba, balle ga aji mai yara fiye da ɗari da albashin da ba ya kai wata.

Manufa a Takarda

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin, daga baya a koma Turanci, kuma bugun da suka biyo baya sun sa iyakar a ƙarshen aji uku. A 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa Turanci tun daga tushe, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da aka ce sun rungumi harshen gida.

Damuwar ministan gaskiya ce, amma ina ganin an kama marar laifi. Manufar 2022 ba ta kai ga samun littattafanta da malamanta ba, kuma yaran da suka zauna jarrabawar fita sakandare a waɗannan shekaru sun bar firamare tun kafin a yi ta. Abin da yake faruwa a yawancin azuzuwanmu ba koyarwa da Hausa ba ne, ba kuma koyarwa da Turanci ba ne. Malami ya rubuta Turanci a allo, yara su kwafa ba su gane ba, ya yi musu ɗan bayani da Hausa a tsaitsaye, a tashi. Yaron ya fita bai iya rubuta wasiƙa da ko ɗaya daga harsunan biyu ba. Inda aka gwada yin abin da tsari, kamar shirin Mu Karanta a jihohin Bauci da Sakkwato, an koma ne ga jerin nan na elemantare: karatu da Hausa, Turanci da baki tun da wuri, sa'an nan karatunsa.

Kammalawa

Manufa takan sauya da sauyin minista, amma aji yana hannun malami. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, kowane harshe aka ce a koyar da shi, ku tabbata yaro ya iya karanta Hausa da rubuta ta, domin ita ce matakalar. Ku fara Turanci da baki tun aji ɗaya, kaɗan kaɗan kullum, a kan abubuwan da yaro yake gani. Kada ku ji kunyar yin bayani da Hausa, amma bayan bayanin ku koma Turanci ku sa kowane yaro ya faɗa shi kaɗai, ba a ƙungiya ba. Ku ajiye littafin rubutu guda ku riƙa tara kurakuran da ɗalibanku suke maimaitawa, cikin zango ɗaya za ku ga kun rubuta jagoran da kamfanonin ɗab'i suka kasa rubuta muku. Ku kuma daina hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa.

Ga hukumomi da jami'o'inmu masu sassan Hausa da na Turanci, lokaci ya yi da za a haɗa hannu a fito da jerin littattafan Turanci na musamman don mai jin Hausa, a kuma sabunta irin aikin da aka fara a Zariya tun shekarun 1950. Ga iyayenmu dattawa kuma, wanda duk yake da tsohon Magana Jari Ce ko tsohon ƙamus a akwati, ya fito da shi ya zauna da jikansa, ya sa shi ya karanta masa shafi ɗaya da ƙarfi kowace yamma. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ba na yanzu haƙuri da lada, Ya sa mu dace, amin.